Illa Ya-Amsa

Duk wanda ya zauna a unguwar bayan tasha a Matamaye cikin shekara talatin ɗin nan ya san muryar Illa tun kafin ya san fuskarsa. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin kan kwana. Muryarsa siririya ce, tana ɗan rawa idan ya ja ta, ba irin wadda samari ke ɗauka a salula ba ce, amma ba ta taɓa makara ba. Matan unguwa da ita suke ɗora tukunya, da ita suke saukewa.

Mutumin Dawce ne. Ya yi karatun allo har ya kusa rabi, mahaifinsa ya rasu, ya koma gona. Da gonar ta kasa ciyar da gida biyu sai ya bar wa ƙanensa, ya shigo gari da adda da wani guntun katako, ya kafa teburin rake a bakin tasha. Da rani ya sara, ya fere, ya sayar. Da damina ya koma dafaffiyar gyaɗa. Ladancin ma bai neme shi ba. Tsohon ladani ne ya kwanta ciwo, aka rasa mai kira, Illa ya hau tudun ƙasar da ke gefen masallaci ya sa yatsu a kunne. Tun daga ranar ba a sake neman wani ba.

Daga baya Alhaji Tanko mai shagon siminti ya rushe ginin ƙasar ya tayar da na bulo, ya sa pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufi, ya sayo batir da lasifika, aka kulle na'urar cikin akwatin ƙarfe kusa da inda liman ke tsayawa. Makullin akwatin aka ba Illa. Ya zura shi a igiyar fata ya rataya a wuya, ƙarƙashin riga, inda wasu ke rataya laya. Ba a biyansa ko sisi. Amma a duk unguwar, daga mai kuɗi har mai ilimi, babu wanda zai yi magana gari ya ji sai ya bi ta wuyan Illa.

'Ya'yansa biyar da matarsa Kaltuma, ta farinsu Najaha. Kamar yadda aka saba da 'yar fari, Illa bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "waccan". Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ranar da ta samu takardar gama lakwal, makarantar boko, bai ce mata uffan ba, sai dai ya zaɓi gaɓar rake mafi kauri, ya fere, ya ajiye a ƙofar ɗakin uwarta ya wuce. Ita ma ta san ta wace ce. Haka suka yi shekara ashirin da uku, duk maganar da ke tsakaninsu da rake ake yin ta.

Cikin watan Sha'aban na bara haihuwar fari ta zo wa Najaha da gardama. Ta kwana guda a asibitin gari, aka ce sai Damagaram. Aka sa ta a mato da mijinta Muntaka, mai gyaran babura. Kaltuma ba ta bi su ba, kunya ta hana ta, ta tura ƙanwarta. Ranar Litinin ce. Illa ya rufe tebur ya nufi zauren Malam Falalu, limamin masallacin, wanda Illa ya yi azumin shekara talatin yana zaune a gefen buzunsa lokacin tafsiri.

"Allah gafarta Malam, yarinyar nan an wuce da ita Damagaram."

"Mun ji, Ladan. Zauna. Kai da kake kusa da ni shekara nawa, sai na tuna maka? Ubangiji ya ce yana kusa, wanda ya kira shi zai amsa mashi. Alkawari ne, kuma ba ya saɓawa. Ka roƙa da sakankancewa. Kada ka bar ko ƙwayar shakka a ranka, don mai shakka shi ake bari a ƙofa."

"In na roƙa haka fa?"

"Ka zo ka ba ni labari."

Illa ya ɗauki maganar kamar yadda ya ɗauki makulli. Kwana uku yana azumi, bai buɗe tebur ba. Bayan kowace salla jama'a na ɗaga hannu tare da shi. Duk lokacin da wani tunani ya taso masa, sai ya kore shi kamar mai korar akuya daga bakin rumbu, don an ce masa kada ya bari.

Ranar Alhamis, gab da la'asar, ya buɗe akwati, ya kunna na'ura, ya ƙwanƙwasa kan mikoro da yatsa. A daidai nan salularsa ta yi ƙara. Muntaka ne, muryarsa na zuwa tana ɓacewa saboda rashin rezo.

"Alo, Muntaka? Yaya ake ciki?"

"Baba, an yi aiki. An ciro jaririya, tana da rai."

"Alhamdu lillahi. Ita fa? Yarinyar fa?"

"Baba, Allah ya ams..."

Layin ya yanke. Illa bai sake kira ba. Ya jefa salular cikin akwatin, ya kama mikoro da hannu biyu.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni ne Illa. Allah ya amsa! Najaha ta sauka lafiya. Najaha, ɗiyata. Ku taya ni godiya, Allah ya amsa!"

Ran nan unguwar ta fara jin sunan daga bakinsa. Mata suka cika gidan Kaltuma da guɗa. Da aka idar da salla Malam Falalu ya juyo ya ɗaga yatsa, ya ce a gaban sahu, "Me na ce maka?" Illa ya fita ya kwance damin rake uku, ya yi ta sara yana miƙa wa duk wanda ya gifta, sadaka.

A bakin mutanen nan amsa iri biyu ce. Wanda aka kira ya ce na'am, ya amsa. Wanda ya miƙa hannu ya karɓi abu, shi ma ya amsa. Abin da Muntaka ya fara faɗa shi ne abin da kowa ke faɗa in an yi rashi: Allah ya amshi abinshi. Illa ya san wannan fiye da kowa, don da bakinsa ya sha sanar da rasuwa ta wannan lasifikar, da waɗannan kalmomin. Amma kwana uku kenan kunnensa na jiran kalma ɗaya.

Wajen ƙarfe biyar Muntaka ya samu rezo. Ya kira, ya kira, salula na kulle cikin akwati. Sai ya kira Alhaji Tanko. Alhaji ya tako har bakin tasha, ya iske mutane sun kewaye tebur kowa na tauna, ƙasa ta yi fari da tuƙa. Ya tsaya ya ce, "Illa, ajiye addar nan." Cikin waɗanda suke tsaye a wurin da rake a baki, akwai waɗanda har yau ba su sake iya shan rake ba.

Washegari da safe aka kawo gawa. Sanarwar jana'iza aikin ladan ce, kuma makulli guda ne. Illa ya buɗe akwati da kansa. Abin da ya ce kawai, "Yarinyar nan ta rasu. Jana'iza ƙarfe goma." Jaririyar aka kawo wa Kaltuma, ranar suna aka raɗa mata Jannatu.

Tun a zaman makoki aka fara. Wasu suka ce wane irin dattijo ne zai hau lasifika yana kiran sunan 'yar fari, har da "ɗiyata", ai rashin kunya ne. Wasu mata suka ce bakinsa ne ya jawo, da ya yi shiru da ba a yi mata baki ba, duk da kowa ya san ta cika tun kafin ya kama mikoro. Kafin a yi sadakar bakwai 'yan kabu-kabu na tasha sun laƙa masa suna. In sun zo wucewa sai su danna oda su ce, "Ya-Amsa, a ba mu na sadaka!" Illa ya ci gaba da saran rakensa. Yana kiran sallarsa a kan lokaci. Sai dai in an ɗaga hannu bayan sallama, nasa hannuwan na kan gwiwa.

Azumi ya kama. Rana ta biyu da fara tafsiri, bayan la'asar, mai jan baƙi ya kawo ayar nan ta kusanci da amsa kira. Malam Falalu ya fassara ta da daɗin baki kamar kowace shekara. Bai rufe baki ba Illa ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Ladan, magariba da saura," in ji Malam. Aka yi dariya.

"Ayar nan ita ka karanta mani ran Litinin. Ta ce in na kira za a amsa. To amma a bakinka na ji, ba sau ɗaya ba, cewa akwai inda Littafi ya ce an girgiza manzanni da mutanensu har suka ce yaushe taimako zai zo. Ashe su ma sun kira an yi shiru. Ka ce Annabi Zakariyya ya roƙi ɗa yana tsoho tukuf, aka ba shi. Ka ce Annabi Nuhu ya yi magana a kan ɗanshi da ruwa ya ci, aka ce kada ya ƙara tambaya. To Malam, wacce ce tawa a ciki? Don ran nan guda ɗaya ka nuna mani."

Malam Falalu ya gyara rawani.

"Babu saɓani a maganar Allah, sai a kan wanda bai sani ba. Amsa iri uku ce. Ko a ba ka abin da ka roƙa, ko a ajiye maka sai lahira, ko a tunkuɗe maka wani sharri da shi. Ga jaririya can a ɗakinka tana numfashi. Wannan ba amsa ba ce?"

"Ban roƙi musanya ba."

"A'uzu billahi!" in ji wani daga baya. Wasu suka fara miƙewa.

Illa bai ɗaga murya ba. "Ka ce mai shakka ake bari a ƙofa. Ban yi shakka ba, Malam, shi ya sa na hau lasifika. In iri uku ce, me ya hana ka faɗa mani ukun tun ran Litinin? Da na sake kiran yaron nan. Da na kame bakina."

"Kai da ko rabin allo ba ka kai ba, ni za ka yi wa jarrabawa a gaban almajiraina?"

"Tambaya na yi."

"Ya taɓu," in ji wani. "Tun ran raken nan ya taɓu."

Alhaji Tanko ya tashi yana kaɗa carbi. "Mutumin da ke tuhumar Allah ba zai kira mana salla ba. Ba da batir ɗina ba. A cikin azumi! Salon ya ɓata mana ibada. Kawo makulli."

"Alhaji, ba Allah nake tuhuma ba."

"Kawo makulli na ce."

Illa ya sa hannu cikin wuyan riga. Ƙullin igiyar ya daɗe da mutuwa, ya ƙi kwancewa, sai da wani ya miƙo reza. Aka ba Sadisu makullin, ɗan ƙanen Alhaji, saurayi mai zaƙin murya wanda ya koyi kira daga salula. Kafin a watse aka yanke magana: ranar rufe tafsiri, in Illa ya tsaya gaban jama'a ya ce Shaiɗan ne ya zuga shi, ya janye, za a mayar masa. In ba haka ba, ya manta da akwatin.

Magaribar ran nan, karo na farko cikin shekara talatin, Illa ya sha ruwa da kiran wani.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Kaltuma na zaune da Jannatu a cinya tana ɗura mata madarar gwangwani, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Malam, ni ban haife ta ba? Ka ji na tashi cikin mata na tambayi wani? Yau ko mai aiko mana da kunu babu. Maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shigowa, wai gidan wanda ya yi saɓo. Bai ishe ni ba, ga rashi ga goyo da tsufana, sai ka ƙaro mani wannan?"

"Ke an amsa maki?"

"Ni ban ce a amsa mani ba. Cewa na yi a ba ni ƙarfin ɗauka. Shi ma ban gani ba tukuna." Ta goge bakin jaririyar da gefen zane. "Je ka faɗa masu abin da suke son ji, ka amshi makullinka. Kalma biyu ce. Ba ka iya zama babu shi, na san ka."

Gaskiya ta faɗa. Kullum in inuwar falwayar tasha ta taɓa bakin kwalbati, alamar da yake gane la'asar da ita, sai ya ga ƙafafunsa sun miƙe da kansu, hannunsa ya tafi wuya. Sai ya tuna, ya koma ya zauna. Sadisu kuwa sai inuwar ta haye kwalbatin ta wuce sannan a ji shi. Ciniki ma ya ja baya, masu sayen raken buɗa baki suka koma wurin wani a ƙetaren titi.

Ana saura kwana uku a rufe tafsiri Malam Falalu ya zo teburin da kansa, shi kaɗai. Ya ɗauki gaɓa guda yana jujjuyawa kamar mai saye, ya yi ƙasa da murya.

"Illa, tambayar nan taka, malamai sun yi ta tun kafin a haifi kakanninmu. Ba kai ka fara ba. Amma ba a gaban jama'a ake yin ta ba. Ka janye, in sa Alhaji ya ba ka makullinka, bayan salla ka zo zaure mu zauna, in buɗe maka littattafai."

"A gaban jama'a ka ce mani 'me na ce maka', Malam."

"To me kake so?"

"Ka ce a gabansu ran Litinin rabi ka faɗa mani. Shi ke nan. In ka faɗa, ni ma in ce na yi gaggawar baki."

Fuskar Malam ta canza. Ya dangwarar da raken. "Liman ya tsaya gaban mamu ya ce ya rage aya? Gobe wa zai bi ni salla? Na zo in fid da kai, kai kana neman ka ja ni cikin ramin. Allah ya shirye ka." Ya kaɗe riga ya tafi.

Ranar rufe tafsiri masallacin ya cika har waje, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba, don labari ya zaga. Aka ajiye makullin a kan buzun Malam, inda kowa zai gani. Bayan addu'a Alhaji Tanko ya ce, "Illa na da magana."

Illa ya miƙe. Ya daɗe yana kallon makullin. Ya san kowane haƙori nasa, ya san yadda ake ɗan ɗaga shi sama kafin a murɗa, abin da har ran nan Sadisu bai gane ba. Tsakaninsa da shi taku biyu ne.

"Jama'a, na tuba ga Allah kamar yadda nake tuba kullum. Salla ban bari ba, azumi ban sha ko ɗaya ba. Amma in na ce Shaiɗan ne ya yi tambayar nan, na yi ƙarya da azumi a bakina. Ni na yi ta. Ɗiyata ce ta mutu. Na kira, ban ji komai ba, kuma har yanzu ina saurare."

Wuri ya kaure. Wani ya ce a fitar da shi, wani ya ce a bar shi da Allah. Wani ya kwashi takalman Illa ya wurga su tsakiyar titi. Malam Falalu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alhaji Tanko ya duƙa ya ɗauki makullin ya miƙa wa Sadisu, ya ce da ƙarfi, "Riƙe, naka ne." Illa ya ratsa mutane ya fita ba takalmi, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya a kan kwalta mai zafi.

Shekara ta zagayo yanzu. Illa na nan a bakin tasha da addarsa. Yana salla a masallacin, a sahun ƙarshe wajen takalma, kuma na kusa da shi kan bar ɗan fili tsakanin kafaɗunsu. Malam Falalu bai sake yi masa magana ba, in sun haɗu sai ya dubi wani gefe. Sunan ya bi shi har baƙin da ke sauka daga matocin Kurni na ce masa Malam Ya-Amsa, sun ɗauka sunan mahaifinsa ne. Igiyar fatar na wuyansa, ya sake ƙulla ta inda reza ta yanke, babu komai a jikinta.

In Sadisu ya fara kira, Illa kan dubi inuwar falwaya, ya girgiza kai, sannan ya ajiye adda ya bi kiran kalma bayan kalma a hankali, yadda ake yi. Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur a gabansa yana kallon leɓɓansa na motsi.

"Ya-Amsa, kai da ba a amsa maka ba, me kake amsawa?"

Illa bai kula shi ba sai da kiran ya ƙare. Sannan ya ce, "Ni in an kira ni ba na yin shiru. Matsa mani da babur ɗin nan, kana zuba mani hayaƙi a kan rake."